Tarken Hanyoyin Gano Sinadaran Tausasa Roba a Ɗakin Gwaje-gwaje: Darasi Daga Kayan Roba na Kangire da Kewayenta

1.0 GABATARWA



Duk wanda ya tashi a Kangire, ko a wani gari na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram, shaida ne a kan sauyin da ya sami kayan amfanin gida. A da akan zuba tuwo a akushi, a dama fura a ƙwarya, a ɗebo ruwa a tulu. Yanzu kuwa roba ta gaje waɗannan duka. Buta ta roba ce, jarka ta roba ce, takalmin da manomi ke shiga gona da shi na roba ne, haka tiyon da yake ban ruwa da shi. A leda ake ƙulla koko da zafinsa, a leda ake ƙulla man gyaɗa da manja, a cikinta kuma ake dafa alale. Da yawa daga cikin waɗannan kaya daga masana'antun Kano suke fitowa, watau na Sharaɗa da Challawa da Bompai, wasu kuma daga ƙasashen waje.

Wannan sauyi ya jawo tambayar ko akwai sinadarin da ke fita daga roba ya shiga abinci. Ɗalibanmu na kimiyya sukan ɗauki tambayar su yi aikin kammala karatu a kanta, sa'an nan su dawo da alkaluma masu tayar da hankali. Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken hanyoyin da ake bi a ɗakin gwaje-gwaje wajen samo irin waɗannan alkaluma. Abin da za a kafa hujja a kansa shi ne, alkalamin da na'ura ta bayar ba ya da wata daraja sai an amsa tambayoyi uku: wace irin roba aka gwada, me aka auna a jikinta, kuma ta yaya aka tabbatar cewa sinadarin daga robar ya fito.

2.0 ROBA DA SINADARIN TAUSASA TA

Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu warware wata sarƙaƙiya ta harshe. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran abubuwa da dama da masana ke bambantawa. A tsarin lambobin da aka fito da shi a Amurka a 1988, wanda akan gani a gindin kaya cikin alama mai kusurwa uku, lamba 1 ita ce PET, ta gorar lemo da ruwan sha. Lamba 2 da lamba 4 su ne foliyetilin, ta jarka da leda. Lamba 5 ita ce folifurofilin, ta bokiti da kujera da buhun hatsi. Lamba 3 kuwa ita ce PVC, wadda ita ce uwar zancenmu.

A asalinta PVC aba ce mai tauri, kamar yadda ake gani a bututun ruwa. A 1926 ne Waldo Semon, na kamfanin B. F. Goodrich a Amurka, ya gano cewa idan aka cuɗa ta da wasu sinadarai masu kama da mai, takan yi laushi har a lanƙwasa ta. Irin waɗannan sinadarai ne muke kira sinadaran tausasa roba. Dangin da ya fi shahara a cikinsu shi ne dangin talet, wanda ya ƙunshi DEHP da DBP da BBP da DINP da DIDP. Adadin da ake zubawa ba kaɗan ba ne, domin a jakar adana jini, alal misali, DEHP kan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na nauyin robar. Abin lura a nan shi ne, sinadarin ba ya ƙulluwa da jikin robar. Zaune kawai yake a tsakanin sarƙoƙinta, kamar yadda mai ke zaune a cikin ƙuli-ƙuli, saboda haka zafi da maiƙo da daɗewa suna fito da shi. Wannan fitowa ita za mu kira naso. Shi ya sa tsohon tiyo ko tsohuwar ledar ɗaki ke ƙandarewa su tsage.

A 1970 Rudolph Jaeger da Robert Rubin, na Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa DEHP na yin naso daga jakar PVC ya shiga jinin da aka adana a cikinta. Gwaje-gwajen da aka yi a kan ɓeraye daga baya sun nuna yana yi wa gaɓoɓin haihuwa na namiji lahani, musamman tun yana ciki. Bisa ga haka Tarayyar Turai ta hana amfani da talet guda shida a kayan wasan da yara 'yan ƙasa da shekara uku ke sa wa a baki a 1999, ta mayar da hanin doka ta dindindin a 2005, tare da iyakar kashi 0.1 cikin 100. Amurka ta ɗauki irin wannan iyaka a 2008. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta sa maikirogiram 8 na DEHP a kowace lita a matsayin iyaka ga ruwan sha.

3.0 HANYOYIN GWAJI DA IYAKOKINSU

3.1 Gwaje-gwajen share fage

Akwai gwaji biyu da kowace kwaleji za ta iya yi. Na farko shi ne a jefa gutsuren roba a ruwa. Foliyetilin da folifurofilin ba su kai ruwa nauyi ba, saboda haka sai su yi iyo, alhali PVC nutsewa take yi. Na biyu shi ne gwajin da Friedrich Beilstein ya bayyana a 1872: a gasa wayar jan ƙarfe har ta daina sauya launin wuta, a dangwala ta a jikin robar, a mayar da ita cikin wutar. Idan harshen wutar ya koma kore, to akwai sinadarin kulorin a robar, wanda galibi alama ce ta PVC. A sarari ake yin wannan gwaji, domin hayaƙin PVC na da illa ga huhu.

Raunin waɗannan gwaje-gwaje a fili yake. PET ma nutsewa take yi, silifa mai kumfa a ciki kuwa takan yi iyo ko da wace roba aka yi ta. Gwajin waya kuma kulorin kaɗai yake nunawa, don haka bututu mai tauri da tiyo mai laushi duk amsa ɗaya za su bayar. Amfaninsu shi ne tace kaya, watau ware abin da ya cancanci a kashe kuɗi a kansa.

3.2 Hasken infared

Na'urar FTIR tana haska samfur da hasken infared, ta zana jadawalin wuraren da ya sha hasken. Talet na da tambari sananne: babban tsauni a wajejen 1725, da wasu tagwayen ƙananan tsaunuka a 1600 da 1580, a ma'aunin da na'urar ke amfani da shi. Cikin 'yan mintoci takan faɗi irin robar, ta kuma nuna ko an tausasa ta da talet, ba tare da an lalata kayan ba. Sai dai ba ta da kaifin da za a dogara da shi a iyakar kashi 0.1, kuma 'yan gidan talet sun yi kama da juna ƙwarai a jadawalinta. Wanda ya ce ya bambanta DEHP da DINP, har ya faɗi adadinsu, da wannan na'ura kaɗai, ya ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba.

3.3 Tatsar sinadari daga roba

Kafin a auna adadi dole a raba sinadarin da robar. Tsohuwar hanya ita ce ta na'urar gilas da Franz von Soxhlet ya ƙirƙira a 1879 don tatsar maiƙo. Akan yayyanka robar ƙanana, a bar ruwan narkarwa yana zagaya ta na sa'o'i da dama. Ɗaya hanyar, wadda hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ke bi, ita ce a narkar da robar gaba ɗaya a cikin sinadarin THF, sa'an nan a zuba wani ruwan da zai sa PVC ta dunƙule ta kwanta, talet ya saura a ruwan.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a auna nauyin roba kafin tatsa da bayanta, a kira abin da ya ragu adadin talet. Ruwan narkarwa ba ya zaɓe. Yakan kwaso rini da mai da sauran abubuwan da aka zuba wa robar. Ragin nauyi jimlar abin da ya narke ne kawai, ba ya ambaton sunan kowa.

3.4 Na'urar GC-MS

Wannan ita ce alƙaliyar da ake kai ƙarar ƙarshe gabanta. Sashenta na farko, wanda ya samo asali daga aikin A. T. James da A. J. P. Martin na 1952, yana mayar da samfur tururi ya bi ta wani siririn bututu mai tsawo, inda kowane sinadari ke fitowa a nasa lokacin. Sashe na biyu yana farfasa abin da ya fito ya auna nauyin gutsattsarinsa. Kusan duk 'yan gidan talet suna bayar da gutsure mai lamba 149.

Wannan lamba ita ce ƙarfin hanyar, ita ce kuma rauninta. Da yake kowa na da ita, ba ta isa ta tabbatar da suna ba, sai an haɗa da lokacin fitowa da kuma gutsure na biyu: 223 ga DBP, 206 ga BBP, 279 ga DEHP, 293 ga DINP, 307 ga DIDP. Biyun ƙarshe ma ba tsauni ɗaya suke bayarwa ba, tudu ne mai faɗi, kuma tudun ɗaya na hawa kan na ɗayan. Har wa yau, wanda ya umarci na'ura ta nemi 149 kaɗai ba zai ga sinadaran da ba 'yan gidan talet ba, irin su DEHA da DINCH, waɗanda masana'antu ke maye gurbin DEHP da su. Abin da ya faru a Taiwan a 2011 ya isa darasi. A can wasu kamfanoni sun yi shekaru suna zuba DEHP a maimakon man kwakwar manja a cikin sinadarin da ake sa wa lemo da sauran kayan sha. Asirinsu ya tonu ne saboda wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje, da ke neman wani abu dabam, ta ga baƙon tsauni a jadawali ta ƙi wucewa sai ta san ko na mene ne.

4.0 KURAKURAI UKU DA KE ƁATA SAKAMAKO

4.1 An bar jaki ana dukan taiki

Yawancin ɗaliban da suka zo mini da wannan batu, ledar ruwan sha da gorar lemo suke son gwadawa, saboda su ne ido ya fi gani. Alhali kuwa foliyetilin da kanta take da laushi, ba ta bukatar a tausasa ta. PET kuma, ko da yake akwai kalmar teretalet a cikakken sunanta, wannan wani sinadari ne dabam da ke ƙulle a jikin sarƙar robar. Idan an sami ɓurɓushin talet a irin waɗannan kaya, wajibi ne a binciki tawadar rubutun da ke jikinsu, da tsohuwar robar da aka narke aka haɗa da sabuwa, da tiyon da ruwan ya biyo kafin a ɗura shi. Wannan ba wanke leda ba ne daga zargi, domin dafa abinci a cikinta na da nasa matsalolin. Magana ce ta sanin inda sinadarin da muke nema ya fi taruwa.

Inda ya fi taruwa kuwa a gidajen Kangire shi ne tiyo, da ledar ɗaki, da ledar shimfiɗa a tebur, da takalman roba, da rigar wayar lantarki, da 'yan tsana masu laushi da jarirai ke tauna. Sai kuma jakar jini da robar ƙarin ruwa a asibitoci. Daɗin daɗawa, 'yan gwangwan suna bin ƙauyuka suna sayen tsofaffin takalma da robobi a kai birni a niƙa a sake narkewa, don haka sinadarin da ke cikin tsohon kaya yana iya dawowa cikin sabo. Binciken da ya tsallake waɗannan ya tafi ga ledar ruwa ya fara ne daga wurin da amsa ta fi wuyar samu.

4.2 Abin da ke ciki da abin da ke fitowa

Tambaya biyu ce mabambanta: nawa ne ke cikin roba, da nawa ne ke yin naso ya shiga abinci. Iyakar kashi 0.1 ta kayan wasa ta shafi ta farko. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 10/2011 ta shafi ta biyu, inda ta sa wa DEHP iyakar miligiram 1.5 a kowane kilo na abinci, aka rage ta zuwa 0.6 a 2023. Na sha ganin an auna abin da ke cikin roba an kwatanta shi da iyakar naso, ko ma da iyakar ruwan sha, sa'an nan a yi shelar an ninka iyaka sau dubbai. Wannan kwatanta mudu ne da kamu, watau ma'aunin hatsi da ma'aunin yadi.

Ko gwajin nason ma sai an duba shi da idon wurinmu. Dokar ta tanadi ruwaye da ke wakiltar abinci: ruwan tsami na kashi 3 don abinci mai tsami, ruwa mai etanol don madara da makamantanta, man girki don abinci mai maiƙo. Ɗaya daga cikin sharuɗɗanta shi ne a ajiye samfur kwana 10 a zafin digiri 40. A can an ɗauki digiri 40 a matsayin tsanantawa don gaggauta gwaji. A nan kuwa zafin inuwa ne na watan Afrilu, balle kayan da ke shanye a rana ko a rumfar kwano. Bugu da ƙari, DEHP ba ya son ruwa, maiƙo yake bi. Mai binciken da ya jiƙa roba a ruwan sanyi ya ce bai ga komi ba, bai faɗa mana komi ba game da man gyaɗar da aka juye da tiyo, ko nono, ko miya mai manja da ke tafasa. Dole sharuɗɗan gwaji su yi daidai da yadda muke amfani da kayan.

Daga nan ne za a iya maganar haɗari. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ƙiyasta cewa jiki na iya jure maikirogiram 50 na DEHP a kowane kilo na nauyinsa a kullum. Ga babba mai kilo 60 wannan miligiram 3 ke nan, ga yaro mai kilo 10 kuwa rabin miligiram ne kacal. Shi ya sa kayan yara suka cancanci su zo a gaba.

4.3 Gwajin fanko

Wannan shi ne kuskure mafi girma, kuma mafi ɓoyuwa. Shi kansa ɗakin gwaje-gwaje cike yake da talet: a tiyon famfo, a daɓen ƙasa, a rigar waya, a murfin kwalba, a safar hannu ta PVC, a ƙura, har a ruwan narkarwar da aka sayo da tsada. A 2007 Fankhauser-Noti da Grob, na ɗakin gwajin abinci na Zurik a Suwizalan, sun nuna cewa iskar ɗaki babbar kafa ce ta wannan gurɓata, domin kayan gilas da ruwan narkarwa suna zuƙar DBP da DEHP daga gare ta.

Ɗan lissafi zai fito da girman matsalar. Tunda iyakar ruwan sha maikirogiram 8 ce a lita, miligiram ɗaya tak na DEHP ya isa ya kai lita 125 ga iyakar, watau jarka biyar masu cin lita 25. Tiyon da aka tausasa da kashi 30 kuwa yana ɗauke da giram 300 a kowane kilo. Ke nan ɗalibin da ya ɗebo samfur a jarka, ko ya wanke kwalbarsa da ruwan da ya biyo ta tiyo, yana iya auna ɗakinsa ne yana zaton ruwan Kangire yake aunawa.

Maganin abin shi ne gwajin fanko: a bi duk matakan aiki, da kwalabe da ruwan narkarwa iri ɗaya, amma ba tare da samfur ba, a ga abin da na'ura za ta karanta. Idan abin da aka samu a samfur bai zarce na fanko da tazara mai yawa ba, to ba a gano komi ba. Tare da wannan akwai gasa kayan gilas a zafin digiri 400 na wasu sa'o'i, da rufe su da takardar alminiyam, da kauce wa duk wata roba, da zuba sanannen adadi na sinadari a samfur don a ga nawa zai dawo. Rahoton da bai nuna sakamakon fanko ba, bai faɗi mafi ƙanƙantar adadin da hanyarsa ke iya gani ba, bai kamata mai duba aiki ya sa masa hannu ba. Saboda wannan matsala ce ma masu auna abin da ya shiga jikin mutum suka koma ga fitsari, suna neman abin da jiki ya sarrafa daga DEHP, irin su MEHHP da MEOHP, waɗanda ƙurar ɗaki ba ta iya samar da su.

5.0 SHAWARWARI

Na farko, a bi matakai bi da bi. Kwalejoji irin su Kwalejin Ilimi ta Gumel za su iya ɗaukar aikin tattara kaya daga kasuwannin Birnin Kudu da Gwaram, su rubuta inda aka saye su da abin da ake yi da su, su tace su da gwajin ruwa da na waya. Abin da ya nuna alamar PVC mai laushi shi za a wuce da shi ga infared, kaɗan daga ciki kuma ga GC-MS, wadda ke bukatar iskar hiliyam da tsayayyiyar wutar lantarki da sinadaran kwatance masu tsada. Samfur goma da aka yi wa aiki mai tsafta sun fi ɗari da aka yi wa na gaggawa.

Na biyu, a ƙulla haɗin gwiwa tsakanin kwalejoji da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Bayero ta Kano, da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar NARICT da ke Basawa a Zariya, ta yadda za a raba samfur ɗaya ga ɗakuna biyu a kwatanta sakamako.

Na uku, a tsara sharuɗɗan gwajin naso da suka dace da abincinmu, watau man gyaɗa da manja da nono da kunu mai zafi, a gabatar da su ga hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, da hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Na huɗu, masana harshe da ke wannan zaure su taimaka wajen daidaita kalmomi. Muddin roba da leda ne kaɗai sunayen da muke da su, zai yi wuya a gaya wa uwa a Kangire wane kaya ne za ta nisanta daga bakin jaririnta.

6.0 KAMMALAWA

A taƙaice, wannan takarda ta duba hanyoyi huɗu na gano sinadaran tausasa roba, ta nuna cewa kowace na da aikin da za ta iya da wanda ya fi ƙarfinta. Ta kuma nuna cewa galibin ɓarnar daga mai bincike take zuwa, ta hanyar gwada robar da ba ita ba ce, ko cuɗa abin da ke ciki da abin da ke naso, ko barin gwajin fanko. Sakamakon ƙarya na da illa ta fuska biyu. Idan ya zuzuta haɗari, yakan karya sana'ar mai ƙulla ruwa ko mai sayar da koko ba da haƙƙinsu ba. Idan kuma ya raina shi, yakan bar yaro yana tauna abin da bai kamata ba. Mutanen da muke ɗebo samfur daga gidajensu ba su da hanyar bincikar alkalumanmu, sun dogara ne ga amanarmu. Ina fatan malamaina da 'yan'uwa mahalarta za su gyara inda na yi kuskure, su cike inda na rage.